Me ya sa kiɗan tekno ya fi daraja a Berlin fiye da Detroit, inda aka haife shi?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum, jama'a. Shekarata biyu ke nan ina karatun haɗa sauti a Berlin, kuma a garin nan ba yadda za a yi mutum ya kauce wa kiɗan da ake kira tekno, domin a shagon aski da motar abokin karatu duk za ka ji shi yana dukan ƙirji kamar lugude. Na daɗe ina zaton na Jamusawa ne, sai ranar da wani malaminmu ya shigo aji da tsohon faifan garmaho, babu hoton kowa a jikinsa sai haruffa biyu, UR, da sunan Detroit, ya ce mana matasa baƙaƙen fata na Amurka ne suka ƙirƙiro kiɗan a shekarun 1980. Maganar ta tsaya mini a rai, musamman da na tuna cewa a watan Maris na 2024 Jamus ta sanya al'adar tekno ta Berlin cikin jerin al'adun da ƙasa take alkintawa. Ina roƙon waɗanda suka san lamarin su fahimtar da ni yadda aka yi garin da ya haifi kiɗa ya koma ɗan kallo a kasuwarsa. Ƙwace aka yi musu, ko kuwa su ne suka yi sake?

Baƙon Michigan:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na kwashe shekaru ina zaune a wata unguwa da ke gefen Detroit, kuma amsar da zan ba ka ita ce, kiɗan ya zo ne a lokacin da garin ba shi da hannun da zai tallabe shi. A 1950 mutanen Detroit sun kai kusan miliyan 1.8, amma a ƙidayar 2020 ba su cika dubu 640 ba. Masana'antun motoci sun rage ma'aikata, masu hali sun yi ƙaura zuwa bayan gari, musamman bayan tarzomar 1967, sannan a 1972 kamfanin Motown, wanda shi ne uwa ma ba da mama ga mawaƙan garin, ya tattara ya koma Los Angeles. Saboda haka lokacin da Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makaranta a ƙaramin garin Belleville, suka fara sarrafa na'urorin kiɗa irin na Roland a ɗakunansu, babu wani babban kamfanin faifai a garin da zai ce musu ku zo mu yi ciniki.

Abin da suke da shi shi ne rediyo, shi ma albarkacin mutum ɗaya. Akwai wani mai gabatar da shirin dare da ake kira The Electrifying Mojo, wanda yake haɗa Kraftwerk na Jamus da Prince da Parliament a shiri guda, ba tare da ya bi jerin waƙoƙin da tashar ta tsara ba. Har yau idan ka ambaci sunansa ga dattawan garin, sai ka ga fuskarsu ta saki. Amma irin wannan 'yanci bai ɗore ba, domin tashoshin rediyon Amurka sun raba kiɗa gida-gida: na baƙaƙen fata suna son murya da waƙa, na fararen fata suna son jita, shi kuwa tekno, da yake yawancinsa kiɗa ne zalla babu baiti, sai ya rasa ɗakin shiga. Dokar sadarwa ta 1996, wadda ta ba manyan kamfanoni damar saye tashoshi rututu, ita ta ƙarasa rufe ƙofar.

Dole ce ta sa kowannensu ya kafa ɗan kamfaninsa: Metroplex a 1985, Transmat a 1986, KMS a 1987. Su buga faifai ɗari-ɗari, su loda a bayan mota, su kai Chicago su sayar. Waɗanda suka fara ɗaukarsu da muhimmanci Turawan Ingila ne, inda a 1988 wani reshe na kamfanin Virgin ya fitar da tarin kiɗansu da sunan tekno a jiki, kuma a shekarar ce ƙungiyar Saunderson, Inner City, ta shiga sahun goma na farko a Birtaniya har sau biyu. Tun daga lokacin abincinsu ya koma hayin teku. Na san maƙwabta da suka girma layi ɗaya da makaɗan da ake cika fili dominsu a Turai da Japan, amma ba su taɓa jin kiɗansu ba ko sau ɗaya.

Mai Faifai:

Malam ya yi bayanin tarihi yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan inda kuɗin yake bi, domin nan ne gizo yake saƙar. A wannan sana'a wanda ya zauna ya haɗa kiɗa daban, wanda yake juya shi a gidan rawa daban, kuma kuɗin yana hannun na biyun. Mai juya faifai da ya yi suna yana iya karɓar ladan dare ɗaya da ya fi abin da mai kiɗan zai samu a shekara, alhali da kayan mai kiɗan ya yi wasan. Manhajojin sauraro ta intanet ba su gyara komai ba, domin suna biya ne bisa yawan saurare, kiɗa mai minti bakwai da aka yi don fili kuwa ba ya gogayya da waƙar minti uku, kuma daga 2024 Spotify ya daina biyan komai ga kiɗan da bai kai saurare dubu a shekara ba. Sakamakon haka, duk ɗan Detroit da yake son ya ci daga fasaharsa sai ya zama matafiyi, ƙarshen mako a Amsterdam ko Landan, ya dawo gida a gajiye.

Game da batun ƙwace kuwa, akwai misalin da ba a mantawa. Haruffan da ka gani a faifan malaminku na Underground Resistance ne, ƙungiyar da Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a 1989, masu rufe fuska, masu ƙin manyan kamfanoni ƙiri-ƙiri. A 1999 sun fitar da kiɗan DJ Rolando da aka fi sani da Jaguar, ya karɓu ƙwarai, sai reshen Sony na Jamus ya fito da kwaikwayonsa da wasu suka sake bugawa, domin doka ta fi sassauci ga sake buga kiɗa fiye da ɗaukar ainihin sautin. Masoyan ƙungiyar daga ƙasashe da dama suka yi wa kamfanin ruwan saƙonni har ya janye. Ina jinjina musu a kan wannan, amma gaskiya ita ce ba kowane makaɗi yake da rundunar da za ta tsaya masa haka ba, kuma tsayuwa da ƙafar kai tana da tsada: babu kuɗin talla, babu lauyoyi, babu mai shigar da kai rediyo.

'Yar Damagaram:

Ina neman afuwar yayyena, amma kalmar ƙwace ba ta gamsar da ni ba idan Berlin ake nufi, kuma ina zaune a Jamus tun kafin ƙaninmu ya zo. Gidan rawa na Tresor, wanda Dimitri Hegemann ya buɗe a 1991 a ma'ajiyar kuɗin wani tsohon kanti da ke kusa da inda katangar Berlin ta ratsa, da 'yan Detroit ya kafu, kuma faifan farko da kamfaninsa ya fitar na Underground Resistance ne. An gayyace su, an biya su, an rubuta sunayensu, a lokacin da ƙasarsu ba ta san da zamansu ba. Abin da Berlin ta fi Detroit da shi hukuma ce da ta ɗauki dare a matsayin sana'a. Tun 1949 aka soke dokar rufe wuraren shaƙatawa da dare a Berlin ta Yamma, kuma kwamandan Amurka na garin ne ya goyi bayan hakan. A 2016 wata kotu ta yanke cewa harajin kashi 7 cikin ɗari na wasannin al'adu ya dace da gidan rawa na Berghain da ke Berlin, ba kashi 19 ba.

Inda na yarda da ƙorafin shi ne wajen suna da fuska. Da kiɗan ya zama babbar kasuwa, musamman bayan da Amurka ta sake karɓarsa a shekarun 2010 da sabon laƙabi na EDM, wato kiɗan rawa na lantarki, sai fuskokin da ke kan allunan talla suka zama kusan duk farare, har yaro kamar Bazazzagi zai daɗe a Berlin bai ji an ambaci Detroit ba. Wannan yana ci mini rai matuƙa, domin mantuwar tana shafar wanda ake gayyata da kuma nawa ake biyansa.

Bazazzagi:

Na gode ƙwarai, Yaya, kuma na karɓi gyaran. Malam na Michigan, yanzu da duniya ta san asalin abin, me ya hana Detroit ta yi irin na Berlin?

Baƙon Michigan:

Abu na farko doka ce. A jihar Michigan, inda Detroit take, ana daina sayar da barasa da ƙarfe biyu na dare, kuma ko da yake ni ba ma'abocinta ba ne, na san cewa da cinikinta gidajen rawa suke biyan haya da ma'aikata, shi kuwa wannan kiɗa a lokacin ne yake fara ɗaukar zafi. Shahararren gidan Music Institute, inda kiɗan ya samu matsuguni a 1988, ba ya sayar da ita, kuma bai wuce 1989 ba. An sha kai kukan a tsawaita lokacin, shi kansa Hegemann ya zo da shawarar mayar da tsohuwar masana'antar Fisher Body 21 cibiyar kiɗa, abin bai tabbata ba. Garin da ya shelanta karyewar arziki a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18 yana da fitilun titi da motocin asibiti da zai fara tunani a kansu, kuma ban ga laifin mazauna unguwa da suke tsoron hayaniyar dare ba.

Duk da haka akwai bikin Movement da ake yi a dandalin Hart Plaza, bakin kogin da ya raba garin da Kanada, a ƙarshen watan Mayu. Ya fara a 2000 kyauta, Carl Craig yana jagorantar zaɓen makaɗa, ya yi fama da rashin kuɗi har aka fara karɓar kuɗin shiga a 2005, sannan kamfanin Paxahau ya karɓe shi a 2006. Kwana uku gari yana cika da baƙi, otal-otal suna samun ciniki, amma kuɗin tikitin ya fi ƙarfin da yawa daga cikin 'yan gari, kuma idan baƙin suka watse sai sauran shekara ta koma hannun 'yan ƙananan wurare masu fama da haya.

Idan Allah ya kawo ka, ka nemi izinin ziyartar ginin Submerge da ke lamba 3000 a titin East Grand Boulevard, titin da idan ka bi shi yamma zai kai ka gidan tarihin Motown. A can 'yan Underground Resistance suka keɓe ɗaki suka jera tsofaffin na'urori da faifai a cikin gilashi, a ƙasa kuma akwai shagon faifai da baƙi suka cika bangonsa da sa hannu. Ranar da na je, na tsaya ina karanta bangon, na ga Tokyo da Glasgow da Berlin. Ka sanar da ni kafin ka taso, zan ɗauke ka daga filin jirgi mu je tare.