Jami'a ko koyon aikin sola? Ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama sakandare bana da kiredit biyar, har da Lissafi, Turanci da Fiziks, amma makin JAMB ɗina bai kai na karatun injiniyan lantarki ba. Babana na so in sake zana jarrabawar baɗi. Kawuna kuma ya ce in bi wani mai haɗa sola da wayarin ɗin gidaje in koya, wai masu digiri sun cika gari babu aikin yi. Don Allah wanne zai fisshe ni?

Malamin poli:
Wa alaikumus salam ɗana. Fara sanin matsayin da kake nema. Akwai ayyukan da doka ta rufe wa ƙofa, likita, lauya, mai haɗa magunguna, babu mai shigarsu sai da digiri da lasisi. Lantarki kuwa hawa-hawa ne. Hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, tana yi wa injiniya mai digiri rajista, tana kuma yi wa mai HND, da mai ND, da mai aikin hannu, kowa a ajinsa. Ke nan zaɓin ba biyu ba ne kamar yadda aka ajiye maka. Ka nemi JAMB ta sauya maka makaranta zuwa poli, ka yi ND shekara 2. Idan ka fita da sakamako mai kyau za ka iya shiga aji biyu na jami'a ta Direct Entry, ko ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki ka dawo HND shekara 2. Digirin injiniya shekara 5 ne in ba a samu tsaiko ba, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Abin da ba na so shi ne ka zauna shekara guda a gida kana jiran JAMB hannunka babu komai.

Mai haɗa sola:
Ƙanena, sana'ar tana ciyar da mai ita, amma wanda ya iya lissafinta. Ga misali. Mai gida ya ce kayansa wat 400 ne, yana so su kwana awa 8. Wat-awa 3,200 ke nan. Batir mai 200Ah 12V yana ɗauke da 2,400, kuma irin mai ruwan nan ba a so a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Sai an sa huɗu kafin a samu natsuwa, saboda inbata ma tana cin nata. Wanda ya koya da ido kawai zai sa biyu don ya ga haka maigidansa ke yi, batiran su riƙa kwana a ƙasa, ba su shekara ba sun mutu, a ce ya cuci mutane. Haka waya. Wat 1,000 a kan 12V yana jan sama da amp 80, in ka sa siririyar waya tsakanin batir da inbata za ka taɓa ta ka ji zafi, robar ta fara laushi, gobara ke nan ke sallama. A wayarin ɗin gida 1.5mm ta fitilu ce, 2.5mm ta soket, AC da hita a ja musu layinsu daban da burekarsu. Fiziks ɗin da ka ci shi ne jarinka, kada ka yar da shi.

Jami'ar ɗaukar ma'aikata:
Ni dai ba zan goyi bayan a raina takarda ba. A aikin gwamnatin tarayya mai digiri a mataki na 8 yake farawa, kuma za a nemi shaidar bautar ƙasa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, takardar yafewa NYSC ke ba shi, ba ya zuwa sansani. In dai kana da niyyar digirin, kada kuɗin hannu su shagaltar da kai har lokaci ya ƙure. Ko a sana'ar ma, ƙaramin aiki ne ake bayarwa da "na san shi". Kamfani ko kwangila sai ka nuna Trade Test, wato shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ana farawa daga aji na 3, sai na 2, sai na 1, ko shaidar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, sannan lasisin masu haɗa wuta na NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To zan iya haɗa ND ɗin da zuwa shago?

Mai haɗa sola:
Sosai ma, Asabar da Lahadi da lokutan hutu sun isa a fara. Amma babanka ya je da kansa su zauna da maigidan, a faɗi tsawon koyon da abin da za a koya maka, gaban shaidu. Ka lura da shi mako biyu. In yana gwada layi da mita kafin ya taɓa, yana kafa sandar at (ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don kariya daga jan wuta), yana barin yaransa su haɗa allon bureka da hannunsu, ka zauna. In aikin yaransa ɗaukar tsani da fasa bango ne kawai wata da watanni, ka nemi wani. Ka fara da naka multimita, da tasta, da filaya da sukundireba masu roba a mariƙi, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta lissafin kowane gida da kuka yi wa aiki.