Wanda ba shi da famfo ya fi kowa biyan kuɗin ruwa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya zauna a unguwar marasa galihu da bututun hukumar ruwa bai isa ba ya faɗa mana yadda yake samun ruwan sha. Rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya nuna cewa talakawan Jakarta da Manila da Nairobi suna biyan ninki 5 zuwa 10 na abin da masu hali a biranen suke biya kan kowace lita. A lungunmu ma haka abin yake, domin jarka muke saya a hannun 'yan ga-ruwa, su kuma saye suke yi wurin mai rijiyar burtsatse, kowane hannu da ruwan ya ratsa sai ya ɗora ribarsa.

Wata uwar gida: Wa alaikumus salam, Malam. Mu akwai famfo, amma mita ɗaya ce ta haɗa dukan iyalan gidan hayar. Kuɗin ruwa kuwa hawa-hawa ake lissafa shi, wato litocin farko da sauƙi, na gaba da tsada, don a rangwanta wa mai ƙaramin buƙata. Da yake mu da yawa ne a kan mitar, tun farkon wata muke haye matakin tsada, sai ka ce masu ban ruwan lambu. Tsarin da aka yi domin talaka shi ne yake cin talaka.

Wani mai gyaran famfo: Hajiya, ko ruwan ya zo ba a gama ba. Na sha haƙa bututun da aka bi da shi ta cikin kwata, kuma duk lokacin da aka ɗauke ruwa ƙarfin cikin bututun yakan faɗi, sai ya zuƙo ƙazanta ta inda ya tsage. Ruwan da ya fara zuwa bayan an dawo da shi ba na bari yarana su sha sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin, tafasawar kuma makamashi take ci. Wanda ya bar ta saboda tsada zai iya biyan abin da ya fi haka a asibiti idan taifod ko kwalara ta shigo gida.

Wani magidanci: Ni na nemi a ja mini bututu, aka ce in kawo takardar mallakar fili da kuɗin haɗawa a dunƙule. Takardar ba ni da ita, kamar yawancin maƙwabtana, kuɗin kuma da an yarda in biya kaɗan-kaɗan da tuni na gama, tunda abin da jarka take ci mini kullum ya isa. Akwai wanda aka taɓa haɗa wa ruwa ba tare da takardar fili ba?