Ina zan samo asalin dokar da hukuma ta dogara da ita, kuma yaya zan kawo ta a rubutu?

Ɗalibar Shari'a, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala digiri kan korar ma'aikacin gwamnati ba tare da an saurare shi ba. Malamina ya dawo mini da babi na biyu cike da jan biro, domin na ɗauko ƙa'idojin aiki daga wani hoto da aka turo mini a WhatsApp, babu shekara, babu lamba. Ina zan samo asali, kuma yaya zan kawo hukuncin kotu yadda za a karɓa?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi daidai. Dokar tarayya ki neme ta a kundin dokokin tarayya na 2004, sannan ki bincika ko an yi mata gyara bayan nan. Ƙananan ƙa'idojin da hukumomi ke fitarwa kuwa, gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokoki da sanarwarta a ciki, ita ce madogararsu, don haka ki rubuta lambar gazet ɗin da ranar fitowarta. Abin da ya fi ba ɗalibanmu wahala shi ne dokar jiha: an cire Gombe daga Bauchi a 1996, ta kuma gaji kundin dokokin Bauchi na 1991, saboda haka kafin ki dogara da kowace doka daga cikinsa, sai kin je ɗakin karatu na Ma'aikatar Shari'a kin tabbatar Majalisar Dokokin Gombe ba ta soke ta ko ta maye gurbinta ba.

Lauya daga Tudun Wada:
Malama, ki fara da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. Tana cikin NWLR, wato littafin rahotannin hukunce-hukuncen kotu mai suna Nigerian Weekly Law Reports, juzu'i na 1, kashi na 18, shafi na 550. Ki karanta hukuncin da kanki, kada ki tsaya ga taƙaitawar da ke farkon rahoton, domin ba alƙalai suka rubuta ta ba. Za ki ga alƙalan suna magana kan sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, mai bayani kan 'yancin a saurari mutum cikin adalci, wanda yanzu shi ne sashe na 36 a na 1999, kuma wajibi ne ki bayyana hakan. Rikicin ma'aikata kuma ya koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa bisa sashe na 254C na tsarin mulkin 1999.

Ɗalibar Shari'a, Gombe:
Na gode, Baba, na gode, Barista. Ranar Litinin zan je ma'aikatar, in sha Allahu.