Kuɗin tsaro: wa ke da ikon bin sawunsu, kuma a ina suke zurarewa?

Ɗan Tudu

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana akanta da harkar kwangila da ke zauren nan. A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai Majalisa, an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, amma har yau akwai manoma a Zurmi da Sabon Birni da ba sa iya zuwa gona. Da ka tambayi yadda aka kashe kuɗin, sai a ce maka sirrin tsaro ne. Shin doka ce ta hana a bincika? In ba ita ba ce, wa ke da ikon binciken, kuma a wane mataki kuɗin ke ɓacewa?

Malam Na-Sito

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Tudu. Doka ba ta hana ba. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya ba Odita Janar na Tarayya ikon duba asusun dukkan ofisoshin gwamnatin tarayya da ganin littattafansu, kuma bai cire soja ba. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo da takardu.

Gizo yana saƙar ne a wasu ƙofofi da aka bari a buɗe. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kamar yadda aka fara kafa ta, a sashe na 15(2), ta ce ba ta hau kan kaya na musamman da suka shafi tsaron ƙasa ba, sai da amincewar shugaban ƙasa. Kalmar "na musamman" ita aka riƙa ja kamar roba, har ta rufe takalmi da shinkafa da ginin bariki. Ga kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta. Shi kansa ofishin Odita Janar da dokar 1956 yake aiki, ta zamanin Turawa, kuma rahotonsa kan fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kwamandan da ya sa hannu ya riga ya yi ritaya.

Amma ƙofa mafi faɗi ita ce kuɗin da ba sa bi ta kasafin Ma'aikatar Tsaro sam. Kwamitin da Buhari ya kafa a 2015 don binciken sayen makamai ya ba da rahoton cewa an fitar da kusan naira biliyan 643.8 da dala biliyan 2.19 a wajen kasafi. Ya kuma ce an biya kuɗin jiragen yaƙi huɗu samfurin Alpha da helikwafta 12 da ba su iso ba. Daga nan shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta samo asali, shi kuma ya musanta zargin. Ko ma yaya shari'a ta kasance, abin lura shi ne hanyar da kuɗin suka bi: daga Babban Banki zuwa ofishin mai ba da shawara kan tsaro, ba tare da layi a kasafi da odita zai kama ya auna ba. Kuɗin tsaron gwamnoni ma haka suke. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan kuɗaɗe sun haura dala miliyan 670 a shekara, galibi tsaba ake fitar da su, ba rasit.

Hajiya Mai Lissafi

Malam Na-Sito ya yi bayanin doka, bari in sauko kan takarda, don kuɗi ko da sun bi ta kasafi suna iya zurarewa.

Kowace kwangilar kaya tana da takardu huɗu da dole su yi magana da murya ɗaya: takardar buƙata daga rundunar da za ta yi amfani da kayan, yarjejeniyar kwangila mai ɗauke da adadi da samfuri da farashin kowane ɗaya, takardar karɓar kaya a sito, sai baucar biya. Odita na kirki yana jera huɗun nan, sannan ya tashi ya je ya ƙirga kayan da idonsa. Idan an biya motoci masu sulke 40, yana son lambar shasi 40, ya kuma ga kowace a inda littafi ya ce take.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. Na farko kuɗin kafin alƙalami. Dokar 2007 da farko ta ƙayyade shi a kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 30, kuma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Da an ce kwangilar tsaro ce ta gaggawa, sai a biya rabi ko ma duka tun kaya ba su bar masana'anta ba, babu lamuni. Ɗan kwangila ya ɓace, ba abin da za a kama.

Na biyu dillali. Kamfanin da aka yi wa rajista wata shida da suka wuce, bai taɓa ƙera ko allura ba, shi zai tsaya tsakanin gwamnati da masana'anta. Kowane hannu da kaya suka bi sai an yi aringizo, kuma a nan ne ake sayo tsohon kaya a yi masa fenti a kawo a matsayin sabo.

Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, kayan gyara. Jirgi ba farashin saye kaɗai ba ne. A tsawon rayuwarsa, gyara da horar da matuƙa da makanikai da harsasai sukan ci fiye da kuɗin sayensa. Kwangilar da ba ta haɗa da waɗannan ba, bayan shekara biyu jirgin yana ajiye, ana ciro sassan wannan ana gyara wancan.

Sai albashi da alawus, inda rijiya ke bayarwa guga ya hana. A ce bataliya tana da mutum 800 a takarda, amma na zahiri 650 ne, saboda ba a cire waɗanda suka rasu ko suka gudu ko aka sauya wa wuri ba. A ce kuɗin abinci naira 3,000 ne kullum. Mutum 150 na bogi sun ba da naira miliyan 13.5 a wata, miliyan 162 a shekara, a bataliya ɗaya tak. Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba, domin hedikwata tana tsara farmaki da lissafin mutum 800, alhali 650 ne za su fuskanci wuta. Maganinsa biyan kowane soja kai tsaye a asusunsa bayan ɗaukar hoton yatsa, da ƙirgen bazata daga jami'an da ba sa ƙarƙashin kwamandan wurin.

Rumbun makamai kuwa, rahoton Odita Janar na 2019 ya nuna bindigogi AK-47 guda 88,078 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba. Na 'yan sanda ne, amma ya nuna abin da ke faruwa idan littafin sito da abin da ke cikin sito suka raba hanya.

Ɗan Damagaram

A Nijar mun ga irinta. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya gano asarar kimanin sefa biliyan 76 tsakanin 2014 da 2019, wani ɓangare aringizon farashi, wani kayan da aka biya ba a kawo ba. Daidai wurare biyun da Hajiya ta ambata. Kuma sufetocin soja ne da kansu suka tono shi, wato in an ba masu binciken cikin gida dama suna iyawa. Sai dai a Fabrairun 2024 hukumomin soja sun fitar da doka da ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati.

Abu Sadik

Ina tare da ku, amma kada mu yi kamar babu sirri na gaskiya. Yawan harsasan da ke Monguno, ranar da ayarin kaya zai tashi, irin na'urar da ake sauraren wayar 'yan bindiga da ita, kuɗin da ake ba masu kawo labari: fitar da waɗannan kashe mutane ne. Abin da nake cewa shi ne, wannan kaso ƙarami ne a cikin kasafi. Albashi, fansho, abinci, mai, kaki, gini, magani, babu abin da maƙiyi zai ƙaru da shi in ya san farashinsu. Kuma abu ya zama sirri ga jama'a ba ya nufin ya zama sirri ga odita. Ana tantance ƙananan rukunin masu bincike da 'yan majalisa, su rantse, su duba a ɗaki rufe, su fitar da taƙaitaccen rahoto.

Yukren tana tsakiyar yaƙi a Janairun 2023 lokacin da 'yan jarida suka fallasa cewa ana sayen ƙwai na soja da tsada fiye da kasuwa. Bayan haka aka dawo da wallafa farashin kayan soja da ba makamai ba. Idan ƙasar da ake yi wa ruwan makamai masu linzami ta iya, uzurinmu ya yi rauni.

Ku kuma gwada sayayya biyu. A Satumban 2014 Afirka ta Kudu ta kama dala miliyan 9.3 tsaba a jirgin da ya taso daga Najeriya, aka ce na sayen makamai ne. A 2018 kuma aka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 496 kai tsaye don jiragen Super Tucano 12, suka iso a 2021 tare da horo da kayan gyara. Ciniki tsakanin gwamnati da gwamnati yana fitar da dillali, kuma an san adadi da farashi. Amma ko wannan yana da tabo, domin an ciri kuɗin daga asusun rarar ɗanyen mai kafin Majalisa ta amince, daga baya aka rubuta mata wasiƙa.

Ɗan Tudu

Allah ya saka da alheri. To mu da ba odita ba, ba 'yan majalisa ba, akwai abin da za mu iya yi?

Hajiya Mai Lissafi

Akwai, ɗan'uwa, amma sai an iya tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, in ta ƙi kana da kwana 30 ka je kotu. Sashe na 11 ya ba su damar ƙin bayar da abin da zai cutar da tsaron ƙasa, amma shi ma ya ce in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar, dole a bayar. Saboda haka kada ka rubuta "ku ba ni bayanin kuɗin makamai", za a rufe maka ƙofa nan take. Ɗauko layi ɗaya daga kasafin da Ofishin Kasafi ke wallafawa a intanet, misali gyaran gidajen wani bariki. Rubuta lambar aikin da adadin kuɗin, ka nemi sunan ɗan kwangila, ranar bayarwa, nawa aka saki, da takardar shaidar kammalawa. Ka karɓi kwafi mai hatimin ranar da aka karɓi takardar, don da shi kotu za ta ƙirga kwanakin.

In sunan kamfani ya fito, ka duba shi a rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista: yaushe aka kafa shi, su wa ke da shi. Ka kuma leƙa shafin baitulmali da aka buɗe a Disamban 2019, inda aka umarci ma'aikatu su wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5, ko da yake ba kowa ke cikawa ba. Abin da ka samu ka kai wa kwamitin binciken asusun gwamnati na Majalisa, wanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta, a rubuce, da kwafin kowace takarda.