Taraktar yankan gazon (ciyawar ado): wane gudu ne ke ba da yanka mai kyau?

Mai gazon na Kwara Kano:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu aikin garka. Tambayata ga waɗanda suka saba da ƙaramar taraktar nan ta yankan ciyawa wadda ake hawa, ba tondez ta turawa ba. Gidan da nake aiki a nan Yamai patron, wato maigidan, ya kawo guda, ta hannu ce daga Turai amma injin lafiya lau, Briggs & Stratton, faɗin yankanta santimita 107, wuƙa biyu a ƙasa. To in na gama yanka daga nesa fili ya yi kyau, amma kana matsowa sai ka ga layi-layi na ciyawa a tsaye musamman inda taya ta taka, kuma washegari bakin ciyawar sai ya yi fari ya bushe. Patron ya ce wuƙa ce, na kai an wasa, an ɗan samu sauƙi amma layukan suna nan. Wani ya ce gudu nake yi da yawa, wani kuma ya ce in rage wutar injin. Dan Allah wanne ne daidai, kuma ku bitas (giya) nawa kuke sawa?

Makaniken ƙananan inji, Katako:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ce ka rage gudu ya yi gaskiya, wanda ya ce ka rage wuta zai kashe maka inji ne kawai. Abu biyu ne daban mutane ke haɗa su, kusan duk wanda ya kawo min irin wannan injin sai na yi masa wannan bayanin. Duba kusa da sitiyari akwai ɗan hannu mai hoton zomo a sama kunkuru a ƙasa, wannan wutar inji ce, ita ke juya wuƙaƙe. Gudun tafiya kuma bitas ne ko feda. Lokacin yanka hannun nan a kan zomo yake zama har ka gama, tafiyar ce za ka rage.

Ga lissafin. In inji na cikakkiyar wuta wuƙa tana juyawa wajen sau 3,000 a minti, kuma baki biyu gare ta, kenan a daƙiƙa ɗaya baki yana wucewa wajen sau 100. In kana tafiyar kilomita 5 a awa, tsakanin sara da sara tarakta ta matsa santimita ɗaya da rabi ma bai cika ba, in ka kai kilomita 8 ya wuce santimita 2, kuma ciyawar da ke shiga ƙarƙashi ta ƙaru fiye da rabi amma ƙofar da take fita ba ta ƙara faɗi ba. Sannan wuƙar ba sara kaɗai take yi ba, bayanta akwai ɗan lanƙwasa da ke jawo iska sama, iskar ce ke tayar da ciyawa tsaye kafin a sare ta. Tayar gaba ta taka ciyawa ta kwantar, in kana sauri kafin iska ta ɗaga ta wuƙa ta riga ta wuce, bayan awa biyu ta miƙe abinta, shi ne layin da kake gani. In kuma ka sauke hannun wuta tsakiya, e tafiyar za ta ragu amma wuƙar ma ta ragu tare da ita, iska ta mutu, sai ta koma yagar ciyawa maimakon yanka. Bakin da aka yaga shi ne yake fari washegari.

Baba mai filin ƙwallo, Harobanda:
Malam makanike ya gama magana, Allah ya ƙara sani. Ni tun lokacin wasannin Francophonie na 2005 nake cikin harkar gazon a nan Yamai, kuma abin da zan ƙara shi ne yadda za ka san gudun naka, tunda injinan nan ba su da agogon gudu. Ka auna mita 50 a fili, ka kafa sanda nan ka kafa can, ka ba wani yaro waya ya riƙe maka lokaci. In ka yi daƙiƙa 36 kana kan kilomita 5, in 30 ne kana kan 6, in ka ga 22 ko 23 to ɗana tsere kake yi ba yanka ba. Ni tsakanin 30 da 36 nake zama, in ciyawa ta yi kauri har 45 ina kaiwa. Wanda bai da mita ya yi da mutum, in babba yana tafiya da ɗan hanzari a gefenka kuma ba ka bar shi baya ba to kana daidai.

Yaran da nake koya wa aiki kullum kukansu wai za a daɗe. Sai in ce mu lissafa. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a kan 68, in kowane zuwa yana cin mita ɗaya tunda dole ka ɗan hau kan layin baya da kamar faɗin tafin hannu, tafiyar duka kilomita 7 ce da ɗan kai. A kilomita 5 awa ɗaya da minti 25, a kilomita 8 minti 54, ban sa juyi a ciki ba. Rabin awa ce tsakani. Kuma mai saurin nan sai ya koma ya bi layukan da ya bari, to ina ribar? A gida irin na Kwara Kano da gazon bai fi mita 500 ko 600 murabba'i ba, bambancin ma bai kai minti biyar ba.

Ɗan Adar, Tawa:
A gaishe ku mutanen Yamai. Ni dai ban yarda da maganag ga ba duka. Ku kuna bakin kogi, ruwa ya ishe ku, hakinku shina kauri. Mu nan Tawa hilin da nike kula da shi na wata makaranta ne, ruwan hwamho kaɗan muke samu, in rani ya yi hakin tsilli-tsilli ne ka iya ganin ƙasa tsakani, in na ce zan yi tahiyar kilomita 5 asarar mai kawai nike yi don babu abin da wuƙa za ta sha wuya a kai. Ina sa bitas na huɗu in wuce kuma yanka shina kyau. Abin da ke sa ni rage gudu ba haki ba ne, duwatsu ne, kun san ƙasar Adar, da ramun da ruwan sama ya haƙa. In ka shiga rame da sauri faranti, wato murhin da wuƙaƙe ke ciki, ya yi tsalle ya dawo ya aske ƙasa, sai ka ga tabo. Sai kuma karangiya da tsidau in damana ta ja baya, su kam ko da wane gudu ka bi sai sun watsu, gara a tuge su da hannu kahin su yi ɗiya.

Baba mai filin ƙwallo, Harobanda:
Ɗan Adar ai ba mu saɓa ba. Ciyawa ce ke faɗa maka gudu, kuma kunne ya fi ido a nan. In ka shiga wuri ka ji muryar inji ta sauka ta yi nauyi, to ya fi ƙarfinsa, ɗaga ƙafa. In murya ba ta canza ba kuma ka waiwaya baya fes, ƙara abinka. Mu ma nan a watan Janairu da sanyi ya kama ciyawar kiri-kiri ba ta girma sosai, ina ƙara gudu. Agusta kuwa wata magana ce.

Hajiya mai gida, Plato:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ni nake hawa ba, yaron da ke min aiki ne, amma ni ke sayen mai, kuma gaskiya ni ce na ce ya dinga rage wuta saboda ƙarar tana damun maigida da maƙwabta, ga shi ina ganin kamar mai zai fi jimawa. Ko da lita ta sauko sefa 499 a 2024 ai kuɗi ne. Malam makanike, dole ne sai an kai shi ƙarshe? Ba a tsaka-tsaki?

Makaniken ƙananan inji, Katako:
Hajiya ina wuni. Wallahi ba tsaka-tsaki in dai wuƙa na juyawa. Injin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba kamar na mota, iska ce, fanka ce a saman kansa da ke juyawa tare da shi, in kika rage wuta fanka ta ragu amma nauyin ciyawa yana nan, sai ya ɗau zafi. Ki tuna Afrilu da Mayu a garin nan zafi yana wuce 40 a inuwa. Ga batir ma ba ya samun caji sosai in inji na ƙasa-ƙasa, shi ya sa wasu kullum sai an haɗa waya. In mai feda ce, wadda ba a canza mata bitas, akwatin nata da mai yake aiki kuma shi ma yana da ƴar fankarsa da ke bin gudun inji. Ɗan man da za ki rage bai kai kuɗin buɗe inji sau ɗaya ba. Maganar ƙara kuma sai dai a zaɓi lokaci, a yi bayan la'asar kafin magariba, ba lokacin da mutane ke barcin rana ba.

Mai garka, Gamkalle:
Ni abin da na gani a damina nake so in faɗa don nan ne aka fi shan wahala. Agusta in ruwa ya jera, kwana biyar kawai ciyawa ta tashi, ga ta jiƙe, ga patron yana so a yi ƙasa da ita sosai don wai kada ta yi saurin dawowa. In ka sauke faranti ƙasa ka shiga ko da bitas na ɗaya ne sai ta cushe, ta dinga zubar da dunƙule-dunƙule a baya, in ka bar su kwana biyu wajen ya yi rawaya, bel kuma ya fara wari. Abin da ke min aiki, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. In ta kai santimita 9 ka sauke ta 6, bayan kwana biyu ko uku ka dawo ka kai ta 4, kuma zuwa na biyu ka bi ta gicciye ba ta inda ka bi da farko ba. In ta yi tsawo ƙwarai rabin faranti kawai nake sawa a ciki, rabi na kan inda aka riga aka yanke. Sai kuma ban ruwa, ranar yanka kada a buɗe tiyo da safe, a bari sai an gama. Da yawa a gidajen manya mai ban ruwa daban mai yanka daban, ba sa magana da juna, kai ka zo da inji ka tarar da fili caɓa-caɓa.

Ƙaramin cikinku, Yantala:
Yayyena ku bar ni in sa baki ko da ban daɗe ba. Wajen juyi fa? Ni nan ne nake ganin ɓarna, in ka sha kwana da gudu faranti yana karkata gefe ɗaya ya cinye ƙasa, gefe ɗaya kuma ya bar ciyawa, tayar baya ta ciki ta murje saiwa. Yanzu ina fara zagaye bakin fili sau biyu don in samu wurin juyawa, in na kusa ƙarshen layi in rage sosai, in juya da faɗi. Sannan ku duba iskar taya. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba bar 2 zai dura mata kamar ta mota, alhali irin waɗannan yawanci bar 1 ne gaba, 0.7 baya, yana rubuce a littafin injin. Taya mai tauri tana sa ta dinga tsalle ko a ɗan gudu, in kuma ɗaya ta fi ɗaya iska yanka zai fito hawa-hawa kamar askin ɗan koyo.

Mai gazon na Kwara Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada yau da yamma, hannu a kan zomo, bitas na uku maimakon na biyar, tayar hagu ta baya ma ashe ta fi ta dama iska, an daidaita. Layin taya ya ɓace gaba ɗaya. Amma akwai siririn layi guda da ya rage daidai tsakiyar faranti, ko na koma bitas na biyu yana nan.

Makaniken ƙananan inji, Katako:
To wannan ba gudu ba ne kuma. Layi a tsakiya yana nufin wuƙaƙen biyu ba sa cim ma juna, ko dai bakinsu ya cinye sun gajarce, ko ɗaya ta lanƙwashe. Rairayin Yamai yana cin ƙarfe sosai, kuma ba kaifin kaɗai yake ci ba, lanƙwasar bayan nan mai jawo iska ita yake fara sirantawa har ta tsage, in ka ga ta yi siriri ko ta fara tsagewa kada ka sake wasawa, canza ta, don guntun na iya ɓallewa ya tashi. Tunda ka ce an kai wasawa ka duba kuma ko an mayar da ita daidai, lanƙwasar sama take kallo wajen faranti ba ƙasa ba, na sha ganin an juya ta. Kafin ka sa hannu a ƙarƙashi ka kashe, ka zare makulli, ka cire hular buji, wato fulogi. Ka kankare busasshiyar ciyawa da lakar da suka manne a cikin farantin, suna toshe iska. Daga nan ka ajiye ta a kan siminti mai lebur ka auna daga bakin wuƙa zuwa ƙasa, hagu da dama su zo ɗaya, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. In za ka zo neman sabuwa ka taho da tsohuwar a hannu, ramin tsakiyarsu ba iri ɗaya ba ne, akwai mai zagaye akwai mai tauraro, kuma ka sayi biyun tare.

Ɗan Adar, Tawa:
Malam in ya zo ka duba mishi filtar iska ma, hunturu na tahe. Ni nan duk yanka sai na hidda soson na kakkaɓe, ta takardar kuma ba a wanke ta da ruwa. Kuma nawa wuƙa biyun suke yanzu a wajenku? In da sauƙi in aiko direban motar Tawa ya karɓo mini ranar Laraba.