Shayin hawthorn ga mai ciwon zuciya, akwai illa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke Jamus ya aiko wa Baba shayin ganye da furen hawthorn (wata ƙaramar bishiya mai ƙaya), wai can ana sha don zuciya. Na jiƙa, ya fito ruwan ɗorawa, da ɗan bauri a harshe. An ce akwai asid a ciki, hankalina ya tashi, don Baba yana shan maganin zuciya mai suna digoxin.

Abban Sadiq: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba irin na batir ba ne. Akwai klorojenik da kafeyik, su ma suna cikin kofi, sai ursolik da ke ɓawon tuffa. Baurin nan na sinadaran prosiyanidin ne, kuma su da flabonoyid aka fi danganta wa aikin zuciya. Digoxin ɗin ne abin dubawa, domin dukansu suna taɓa bugun zuciya. Kada ki haɗa sai likitansa ya yarda.

Dan Maraɗi: Gaskiya ne. A wani gwajin likitoci mai suna SPICE na 2008, kan masu ciwon zuciya sama da 2,600, maganin da aka tace daga hawthorn bai rage mace-mace a fili ba. Don Allah kada Baba ya ajiye ƙwayoyinsa.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka. Ranar Litinin zan kai wa likita kwalin.