Neman shawara: tsohuwar motar 'yan sanda ta gwanjo, a saya ko a haƙura?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana mota nake nema. A gwanjon da hukumomin Amurka ke yi ta intanet, irin na GovDeals, ana yawan sako motocin da 'yan sanda suka gama aiki da su, kuma kuɗinsu ba ya kai na takwarorinsu na farar hula. Guda uku nake dubawa: Ford Crown Victoria ta 2010 mai mil 120,000, da Ford Police Interceptor Utility ta 2016 mai jikin Explorer, mil 105,000, sai Dodge Charger ta 2015 mai injin V8, mil 98,000. Wasu sun ce ƙarfinsu ya fi na motar gida kuma ana yi musu sabis a kan kari. Wasu kuma sun ce sai an gama tatse su ake sayarwa. Ta zuwa aiki da ɗaukar iyali nake so. Me zan duba, kuma wacce ta fi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Kafin komai, ɗauke idonka daga lambar mil ɗin nan, don a motar 'yan sanda rabin labari take bayarwa. Motar sintiri takan yi awa takwas ko goma a kunne, amma yawancin lokacin a tsaye take, inji na juyawa don ya riƙe rediyo da kwamfuta da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Taya ba ta juya ba, mil bai ƙaru ba, amma inji yana ci.

Saboda haka ne ake sa wa waɗannan motoci agogon awannin tsayuwa. Crown Victoria ta 'yan sanda tana da shi tun daga ƙirar 2006, kuma sauran biyun suna nuna shi a allon gaban direba. Ford da kansa ya ƙiyasta awa ɗaya ta tsayuwa da tafiyar mil 33, wato kusan kilomita 53. Sai ka ninka awannin da 33, ka haɗa da mil ɗin da aka rubuta. Mota mai mil 100,000 da awa 6,000 a tsaye, injinta kamar wanda ya yi mil 298,000 ne. A kula, agogon kan nuna lambobi biyu, jimillar awannin inji da awannin tsayuwa. Na biyun ake ninkawa.

Illar doguwar tsayuwa ita ce, famfon baƙin mai yana juyawa a hankali, man da ke isa saman inji ya ragu. Fetur da danshi su riƙa taruwa a cikin man suna tsinka shi. Fankar lagireto, altaneta, kwamfuresan sanyi da famfon ruwa duk suna aiki ba hutu. Akwatin giya da aksul kuwa wannan lissafin bai shafe su ba, su mil ɗin gaskiya suka yi, sai dai irin tuƙin da aka yi musu.

Malam Mai Gareji:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, ba duk motar 'yan sanda ce ta yi aiki iri ɗaya ba, kuma wannan ya fi sunan ƙirar muhimmanci. Wadda jami'in bincike ko shugaban ofis ya riƙe ita ce ta gaba: direba ɗaya, ba huji a rufi, kujerar baya ta yadi, awannin tsayuwa kaɗan. Ta babbar hanya tana biye, mil da yawa amma a miƙe. Wadda ta fi shan wahala ita ce ta sintirin cikin gari, wadda direbobi uku ke karɓa-karɓa a kanta dare da rana, a taka totur a taka birki, a hau dakalin gefen titi. Ta ɗaukar kare kuwa ka bar ta, don ba a kashe injinta saboda sanyin karen, kuma warin ba ya fita.

Maganar ana yi musu sabis a kan kari, kada ka ɗauka a baki. Wata hukumar tana yi, wata kuma da zarar an sa mota a layin sayarwa sai a daina kashe mata ko sisi, har a riƙa cire kayanta masu kyau ana gyara 'yan uwanta. Ka nemi takardun gyara daga garejin hukumar da lambar motar. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, ba ya wadatarwa a nan, domin hukumomi da yawa su ke ɗaukar nauyin haɗarinsu kuma a garejinsu suke gyarawa, sai ka ga motar da aka taɓa bugawa ta fito da rahoto fes.

Oga Bakanike:
Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗan'uwa, don kowacce da ciwonta.

Crown Victoria ita ce mai sauƙin sha'ani. Bodi ne a kan firem kamar a-kori-kura, injin V8 lita 4.6 mai ƙarfin doki 250, giya huɗu, ja da tayun baya. An daina ƙera ta a 2011, don haka mafi yarintarsu ma ta manyanta. Ka duba lambar shasi, daga gurbi na biyar zuwa na bakwai: P71 ne a tsofaffin, P7B a na 2010 da 2011. Hakan ke tabbatar da ta 'yan sanda ce tun daga masana'anta. Sannan ka tambaya ko ta yi tasi bayan ta bar hannunsu, don da yawansu can suke ƙarewa. Inda take ba da matsala: manifol ɗin shan iska na roba ne, yakan tsage kusa da gidan tamostat, ruwa ya gangara ramin fulogi, inji ya fara tsallake wuta. Ka cire kwayil ɗaya ko biyu na gaba ka haska ramin. Sai tsatsa a firem idan daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito. A 2013 Ford ya yi kiranye, wato a dawo da motocin don gyara, kan sandar sitiyarin ƙirar 2005 zuwa 2011 saboda tsatsar nan, ka sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko an yi gyaran, kyauta ne. Shan mai kuwa ba a magana, ka sa ran lita 15 zuwa 17 a kilomita 100 cikin gari.

Utility ta fi dacewa da iyali a ido, amma ita ce mai ɓoyayyen ciwo. Injinta V6 lita 3.7, famfon ruwansa a cikin inji yake, sarƙar taimin ke juya shi. Idan ya fara lalacewa yakan ɗiga ta wani ɗan rami da ke wajen altaneta, idan kuma abin ya yi nisa sai ruwan ya zuba cikin baƙin mai kai tsaye. Mai ya koma kalar madara, beyarin ya tafi, inji ya tashi aiki. Canza shi sai an buɗe gaban inji gaba ɗaya, aikin yini guda ne ko fiye, kuma mai hankali yakan haɗa da sarƙar da abin ɗaure ta a lokaci ɗaya. Famfon nan awa yake ƙirgawa, ba mil ba, ka ga inda maganar Injiniya ta shigo. Na biyu shi ne ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayun baya. Mansa kusan rabin lita ne kacal, mai lamba 75W-140, kuma yana zaune kusa da zafin salansa, sai man ya dahu ya zama kwalta. Alamarsa wari mai kama da na gas bayan doguwar tafiya, ko gurnani daga ƙasan gaba.

Charger ita ce mai gudu, injin Hemi lita 5.7, doki 370, kuma ita ce doguwar tsayuwa ta fi yi wa illa. 'Yan ƙananan nadin da ke bin kamshaf sukan ƙame, su riƙa cin ƙarfen kamshaf ɗin, garin ƙarfe ya bazu cikin mai. Ka saurari injin da sanyi da kuma bayan ya yi zafi. Ƙas-ƙas ɗin da ke ɓacewa bayan minti biyu yawanci kusar manifol ɗin salansa ce ta karye, wannan ƙaramin aiki ne. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, musamman tare da tsallake wuta a silinda ɗaya, kamshaf ne, ka juya ka tafi. Ƙafar gabanta ma ba ta jure ramuka, bushin da boljoyin sukan saki da wuri.

Mai Wayarin:
Malamai sun yi maganar inji, amma abin da ke hana masu irin motar nan barci wuta ce. Lokacin haɗa ta an ja wayoyi na jiniya, fitilun rufi, rediyo, kyamara da maƙalin bindiga. Lokacin kwancewa kuwa ba mai zama ya bi su a hankali, almakashi ake sawa. Ka ɗaga shimfiɗar robar ƙasa tsakanin kujerun gaba, ka leƙa ƙarƙashin dashbod da cikin but. Duk wayar da ka gani a yanke, a gwada ta ko da wuta a jikinta, a bi ta har tushe a cire, ba a naɗe da salatif a tura ciki ba.

Gwajin satar batir, wato abin da ke shan wuta bayan an kashe mota, ga yadda ake yi: kashe komai, rufe ƙofofi, cire kan batir na nagatif, sa mita a tsakani, jira minti 30 zuwa 45 kwamfutocin motar su kwanta. Ya kamata ya sauka ƙasa da miliamf 50. In ya wuce, sai a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, nan ɓarawon yake.

Sai huji. Na eriya a rufi faɗinsa inci uku bisa huɗu ne, kusan milimita 19, akwai murfin roba daidai shi. Tabon ruwa a silin ko ruwa kwance a ramin safaya yana nufin an bar su a buɗe. A Utility maganar ta wuce ruwa. A 2017 'yan sandan birnin Austin na jihar Texas sun ajiye kusan 400 na irin motocin saboda iskar kabon monoksaid, gubar hayaƙin inji, da ke shiga ɗakin motar, kuma Ford ya danganta abin da hujin da masu haɗa kaya suka yi a bayan motar ba su toshe ba. Iskar nan ba ta da wari. Wanda zai ɗauki yara a ciki ya toshe duk wani huji na ƙofar baya da ƙasan but, ya duba salansa ko ta tsage, ya ajiye na'urar gano iskar a mota. Ka kuma tabbatar fitilar jakar iska ta kunnu in ka murɗa makulli, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kunnu ba sam, wataƙila rufe ta aka yi.

Hajiya Maman Sadik:
Tunda ka ce da iyali, Malam, ka fara da kujerar baya. A ta sintiri ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki, maɓallin gilashi ma an kashe shi. Ana iya mayar da su, sandunan hannun ƙofar ne ake sawa, amma kada yaro ya shiga kafin a yi. Wata kujerar roba ce mai tauri, sai ka nemo ta farar hula da bel ɗinta cikakke. Kuma wurin da aka ɗauki masu maye da masu rauni ne, a cire kujerar baki ɗaya a wanke ƙarƙashinta da safar hannu mai kauri, don akan samu allura ko reza a lungu.

Makulli ma abin dubawa ne. Hukumomi da yawa suna yin odar motocinsu da makulli iri ɗaya, kuma irin makullan nan suna yawo a kasuwa. A canza kwaɗon.

Ta fuskar doka, jan fitila da shuɗiya, jiniya, tambari da rubutun 'yan sanda duk su fita, har inuwar da sitika ke bari a fenti. Ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, ka karanta ta taka kafin ka biya. Ba ƙaramin abu ba ne: a Kanada, bayan harin Nova Scotia na Afrilun 2020 inda maharin ya yi amfani da tsohuwar motar 'yan sanda da ya mayar kamar ta aiki, gwamnati ta dakatar da sayar da tsofaffin motocin 'yan sandan tarayya. Sannan ka kira kamfanin inshora da lambar shasi tun kafin gwanjo, ka ji ko za su karɓa.

Malam Mai Gareji:
Game da gwanjon kansa: yadda ka gan ta haka za ka ɗauka, ba garanti, ba mayarwa, kuma galibi ba a barin ka fita da ita titi. Akwai ranar dubawa, ka je da kanka ko ka tura bakanike, gani ya kori ji. Ka tafi da tocila da na'urar karanta kwamfutar mota. Idan ba lambar matsala ko ɗaya amma gwaje-gwajen kwamfutar sun nuna ba su kammala ba, share su aka yi kwanan nan ko batir ya mutu. Lambar P0420 ko P0430 katalis ne, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, doguwar tsayuwa na kashe shi. A lissafinka ka haɗa da kason masu gwanjo, haraji, kuɗin jan mota, tayu huɗu da birki, sannan ka canza duk wani mai da ruwa da ke jikinta a makon farko.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Na tambayo: Crown Victoria awa 3,100 a tsaye, ta ofishin bincike ce, da takardun gyara. Utility awa 9,400, ta sintirin gari, ba bayanin famfon ruwa. Charger ba su faɗi awanninta ba.

Oga Bakanike:
To lissafi ya fito. Crown Victoria: 3,100 sau 33 ya ba da 102,300, ka haɗa da 120,000, mil 222,300 ke nan, kuma injin 4.6 da aka kula da shi yana da sauran tafiya a haka. Utility ta kama 415,200, da famfon da ba a san shekarunsa ba. Kada ka taya ta sai ka cire kuɗin famfo da sarƙar taimin daga abin da za ka bayar, kuma ka yi aikin kafin ka fara hawa. Charger kuwa, ka roƙi hoton allon awanni da bidiyon injin yana aiki bayan ya yi zafi. In sun ƙi, ka cire ta daga lissafi. Ni a ukun nan Crown Victoria zan ce, muddin shan manta bai fi ƙarfinka ba. Ranar dubawa ka shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa firem a bayan tayun gaba da wajen aksul na baya. In ƙarfe ya amsa da ƙara, ka taya. In ya yi ɓus ko ɓawon tsatsa ya zubo, ka bar musu kayansu.